Gurbin da Wasila Ta Ɓoye

A wani gidan haya da ke bayan tashar mota a Gusau akwai jar saniya mai farin goshi, ɗaure a gindin dalbejiya. Gidan ba na makiyaya ba ne. Maigidan, Bashar, gyaran janareta yake yi. Matarsa Wasila kuwa sana'arta rubuta manhajar kwamfuta. Amma kullum safiya, kafin ta rataya jakarta, sai ta dama dusa da kanwa a daro ta kai wa saniyar, ta tsaya a kanta har ta shanye. Maƙwabta sun yi tsokana har sun gaji. Akwai mai kiranta injiniyar shanu, akwai mai tambayarta ko saniyar ma ta iya danna kwamfuta. Takan yi murmushi ta wuce. Ba ta taɓa zama ta ba kowa a unguwar labarin yadda aka yi saniyar ta zo ba.

A Bungudu aka haifi Wasila, shekara talatin da huɗu ke nan. Mahaifinta malamin firamare ne, ya rasu tana aji uku. Mahaifiyarta ta riƙe gida da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda ya tsaya musu shi ne yayan mahaifiyar, Kawu Jibo, manomi kuma mai kiwo a wani ɗan ƙauye da ke gefen Kucheri, can ƙasar Tsafe. A wurinsa take yin hutu. Shi ya sayar da bijimi aka kai ta sakandare, ya sake sayar da wani lokacin da ta samu gurbin karatun kwamfuta a kwaleji. Bai san mene ne kwamfuta ba, bai kuma tambaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne yarinyar tana da kai, kada a bar shi ya yi tsatsa.

Akwai abu guda da ta koya a gidansa tun tana 'yar shekara bakwai. Wata yamma shanu suna shigowa garke, ta hau kan turmi tana nuna su da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ba ta kai goma ba ta ji tafin hannunsa a bakinta. Bai yi mata faɗa ba. Ya dai ce ba a ƙirga dabba da baki. Shi da launi yake sanin nasa, da ƙaho, da tafiya. Idan ɗaya ba ta dawo ba, tun daga nesa zai ga gurbinta. Kakanninsa tsoron bakin mutane suke yi. Ubansa tsoron jangali ya yi. Shi kuma a zamaninsa abin ya koma tsoron wanda zai ɗauki labari ya kai wa 'yan bindiga a daji. Dalili yana sauyawa, dokar tana nan: adadin shanun mutum sirrinsa ne.

Bayan ta gama karatu ta yi shekara uku tana buga takardu a wani shago kusa da kasuwa. A nan ta koya wa kanta sauran aikin, da bidiyoyin da take saukewa a waya idan an samu intanet mai ƙarfi. Ta fara da yi wa ƙananan makarantu manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, a nan kuma ta gane halin masu neman rahoto: bayani ɗaya ne, amma kowa da kwanon da yake so a zuba masa. Wannan yana son takardar da zai buga hatimi. Wancan yana son jadawalin da zai juya da kansa. Wani ba ya son komai sai layi biyu a waya.

Wannan ƙwarewar ce ta kai ta Ƙungiyar Gona da Garke, wata ƙaramar ƙungiyar manoma da masu kiwo da ke da ofis mai ɗaki biyu a Gusau. Babban aikinsu rigakafin ciwon huhu na shanu. Matsalarsu kuwa tsohuwa ce. Maganin a cikin ƙanƙara ake ɗaukarsa, kuma kwalbar da aka buɗe ba ta kwana. Idan aka je ƙauye da kwalabe da yawa, sauran su lalace. Idan aka je da kaɗan, rabin garke ya tashi ba allura, ga hanya ba ta biyuwa sau biyu a mako ɗaya. Sai an san yawan shanun kowane gida kafin a ɗaura akwatin ƙanƙara a bayan babur. Mutane kuma sun ƙi faɗa.

Wasila ta bi masu allurar zuwa ƙauyen kawunta da waya a hannu. Aka taru a ƙofar mai unguwa, aka yi bayani, kowa ya sunkuyar da kai. Can sai Kawu Jibo ya miƙe, ya tambaye ta a gaban jama'a, idan an faɗa, wa zai gani.

Ta ce, "Ni da likitan dabbobi, Kawu. Daga mu babu wani."

"Ko shugaban ƙungiya?"

"Ko shi. Jimillar gari kawai zai gani, ba suna."

Ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya juya ga mutane ya ce wannan ɗiyarsa ce, shi ya yi mata karatu, idan ta yi ƙarya a kama shi. Amma duk da haka bai yarda a furta ba. Dabarar da ya kawo ita ce kowa ya je gida ya ƙulla tsakuwa a tsumma, kowace saniya tsakuwa ɗaya, ya kawo wa Wasila. Ita za ta kwance a bayan rumbu, ta shigar a waya, ta watsar da tsakuwar. Ta haka babu bakin da ya ƙirga, babu kunnen da ya ji. Shi ya fara kawo nasa ƙullin. Tsakuwa arba'in da ɗaya ta samu a ciki. Labarin dabarar ya bazu har ƙauyukan Kwatarkwashi da na Bungudu, kafin damina gida ɗari uku da sha biyu sun miƙa ƙullinsu.

Duk bayanan suna zaune ne a kan saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, wadda kowa ke shiga daga wayarsa ko kwamfutarsa. A can ake haɗa rahoto, ba a wayar mai nema ba. Wasila ta tsara shi kala uku. Akwai wanda ke fitowa a shafin manhajar, ma'aikatan ofis su duba. Akwai na PDF, mai kan takarda da wurin sa hannu, wanda ake bugawa a kai wa hukumar dabbobi. Akwai gajeren saƙon waya da ke zuwa wa masu unguwanni, ya gaya musu rana da yawan kwalaben da ke tafe. Dukkan ukun sai sun bi ta wata matata da ta rubuta, wadda ke cire suna, da unguwa, da lambar waya, da adadin kowane gida, ta bar jimillar gari kaɗai. Likita ne kawai ke da mabuɗin ganin cikakke. Wannan shi ne alƙawarin da ta yi a ƙofar mai unguwa, ta mayar da shi rubutu.

Kala na huɗu daga baya ya zo. Masu ba ƙungiyar magani suka ce ba su son PDF, jadawalin Excel suke so, don su yi nasu nazarin, kuma kafin a tashi aiki ranar suke buƙata. Wasila tana da wani jadawali da take fitarwa don kanta idan tana gwaji, wanda ba ya bi ta matatar, yana ɗebo komai kai tsaye. Gina sabo zai ci kwana biyu. Sai ta ɗauki wancan, ta sa saba ta riƙa naɗe gurabe huɗun nan, su ɓuya, ta ƙara jimillar gari a gefe, ta sa masa maɓalli. Ta buɗe a kwamfutarta ta gani tsaf: ba suna, ba lamba. Ta rubuta a ɗan littafinta cewa za ta dawo ta gyara. Wata bakwai ba ta dawo ba.

Ɓoyewa daban, cirewa daban. Ta fi kowa sanin wannan. Abin da aka naɗe yana nan a cikin fayil, kamar kayan da aka lulluɓe da zane a tsakar gida.

Wata Alhamis cikin bazara, da hantsi, tana ofis wayarta ta yi ƙara. Aminu ne, mai shagon maganin dabbobi a kasuwa, mutum mai yawan barkwanci. Ko gaisuwa bai gama ba ya fashe da dariya.

"Injiniya, ashe ku manya ne kuka ɓoye mana? Kawun naki da yake zuwa shagona da takalmin roba yana neman ragi, ashe arba'in da ɗaya gare shi? Wallahi daga yau Alhaji zan riƙa ce masa."

Ta tambaye shi a ina ya ji. Ya ce ba ji ya yi ba, gani ya yi, ga shi nan a zauren WhatsApp na ƙungiya tun shekaranjiya, sunan Jibo ne ma a sama.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Wasu 'yan ƙungiya sun yi ta ƙorafi a zauren cewa ofis ba ya aikin komai. Sakataren ƙungiya, Malam Lukuman, ya ji haushi. Ranar Talata ya danna maɓallin Excel, ya buɗe a kwamfutar ofis, ya ga jimillar garuruwa ce kawai, ya tura zauren don a ga aiki. A kwamfutarsa guraben a naɗe suke. Amma 'yan zauren da waya suka buɗe, kowa da irin manhajarsa, kuma wasu manhajojin ba su san an naɗe wani abu ba; abin da ke ciki duka suke shimfiɗawa. Wasila ta karɓi wayar Lukuman ta buɗe da hannunta. Suna, unguwa, lambar waya, adadi. Ita ce kuma ta tsara jadawalin ya fara daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don sauƙin rabon kwalabe. Layin farko kawunta ne.

Lukuman ya riƙe kai. Ya ce shi fa abin da aka ba shi ya tura, da ya san da wani abu a ƙasa da ko da wuƙa a wuya ba zai tura ba. Ba ta yi masa gardama ba, don gaskiya ya faɗa. Ta shiga saba ta kashe maɓallin, abin da bai ɗauke ta minti biyu ba. Ta zauna tana kallon allon. Minti biyu, bayan wata bakwai. Suka sa mai kula da zauren ya goge fayil ɗin, amma mutum ɗari biyu da talatin ne a ciki, fiye da rabi sun riga sun sauke. Kafin azahar wani ɗan ƙungiya ya turo musu hoton jadawalin yana tambaya ko gaskiya ne, kuma ba daga zaurensu ya samo shi ba. Magana zarar bunu ce, ballantana wadda aka rubuta.

Ta yi amfani da kala na uku ta tura wa masu unguwanni gajeren saƙo cewa su kira ofis da gaggawa. Lukuman ya zauna da waya biyu yana amsawa, yana bayani, ana zaginsa. Amma Kawu Jibo ba shi da waya. Tun da aka fara zargin masu waya a ƙauyensu da kai rahoto daji ya ba da tasa kyauta. Lambar da ke gaban sunansa ta mai unguwa ce, ita kuma tun safe ba ta shiga.

Ta kira Bashar ta ce za ta je ƙauyen da kanta. Ya zo ofis da baƙin mai a hannu. Ya ce ta bari sai gobe, rana ta yi nisa, direbobin hanyar Tsafe ba sa son la'asar ta same su a can. Ta ce fayil ɗin ya riga ta da kwana biyu, ba za ta ƙara masa na uku ba. Ya kalle ta, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce to su tafi tare.

Suka hau motar Tsafe. Suka wuce duwatsun Kwatarkwashi, suka wuce shingayen bincike, a kowane sai an leƙo an dubi fuskoki. Wasila ta ɗora kwamfuta a cinya. Wata dabara ce ta zo mata tun a tasha, ta riƙe ta kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. Za ta sa saba ta fitar da sabon rahoto, a dukkan kala huɗun, mai ɗauke da sanarwar cewa na farko kuskure ne, lambobin gwaji ne, ga na gaskiya. A cikin sabon ta rage wa kowa. Kawu ta ba shi shida. Kafin su bar Tsafe ta gama, har da wurin sa hannu. Daga Tsafe zuwa Kucheri direba ya kashe rediyo ya taka mota, wata tsohuwa a baya tana ta jan salati. Daga bakin titi suka hau babura biyu.

Sun tarar da shi a bakin garke yana gyaran igiya. Matarsa Inna Asabe ta fito da murna, tana cewa yau injiniya ce da angonta ba sanarwa, bari ta dama fura. Kawu bai yi murna ba. Ya dubi rana, ya dubi fuskar Wasila, ya ajiye igiyar. Ya san ba a yin zumunci a wannan hanya da wannan lokaci.

Ta durƙusa ta gaya masa komai. Ba ta ambaci sunan Lukuman ba. Ta ce ita ce ta rufe abin da ya kamata ta cire.

Ya waiwaya ya dubi garken. Sannan ya ce, "Wa da wa sunka gani?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Ba ki san yawansu ba, ko ba ki san ko su wa ne ba?"

"Duka biyun."

Ya gyaɗa kai. Ta yi sauri ta buɗe kwamfutar, ta nuna masa sabon rahoton, tana bayani: za a ce kuskure ne, za a tura ko'ina, da hatimi, da sa hannun shugaba, kowa zai ga shida. Bai ko kalli allon ba.

"Ɗiyata, ɓarawo ba ya karanta gyara. Wanda ya ji arba'in, in kin ce mashi shida, ƙafa zai aiko ta leƙa garke. Mi ƙafar za ta gani?"

Ta rufe kwamfutar. Shanun suna nan a bayansa, suna tuƙa, arba'in da ɗaya.

Inna Asabe ta ajiye ƙwaryar fura a ƙasa ba wanda ya taɓa. Ta ce to a gudu da su gari. Kawu ya ce wane gari ne zai ɗauki garke guda, kuma wa zai kora shanu arba'in a titi ba a gani ba. Ya miƙe ya shiga cikinsu, yana dafa wannan, yana shafa wuyan waccan. Wasila ta ɗauka bankwana yake yi. Ashe rabo yake yi a ransa.

Akwai tsohuwar al'ada ta ba da kiwo. Mai dabba ya kai wa ɗan'uwa ko amini saniya ɗaya ko biyu, mai riƙo ya ci nono ya samu taki, idan an yi haihuwa a san yadda za a yi da shi. Kawu Jibo ya sha ba marasa ƙarfi kiwo don taimako. Bai taɓa zaton zai bi gida-gida yana roƙo a karɓa ba. Washegari tun da asuba aka fara. Biyu suka tafi gidan surukinsa a cikin Tsafe. Uku aka kai wa wani abokinsa a Kwatarkwashi. Wasu aka bi da su ta bayan gari kamar za a kai su kasuwa, aka sa a motar da ke komawa Bungudu. Ba a taɓa fitar da fiye da uku a lokaci ɗaya ba. Wasu gidajen sun ƙi karɓa, don labarin jadawalin ya riga ya iso, kowa yana ta kansa. Wani tsoho da shi ma sunansa ke cikin goman farko ya tare Kawu a hanya, ya ce, "Jibo, kai ka ce a kama ka." Kawu ya ce ga shi, a kama. Tsohon ya tofar da yawu ya wuce. Wasila tana tsaye a wurin.

Kwana biyu aka yi ana wannan. Ranar Asabar da rana garken da ya yi shekara arba'in yana tarawa ya watse a gida goma sha huɗu. Ya bar huɗu, shanun huɗa biyu da tsofaffin shanu biyu, don ya ce garke wayam shi ma magana ne. An roƙe shi ya koma Bungudu wurin ƙanwarsa, ya ce gonarsa ba ta da ƙafa, ga damina ta kusa.

Da Wasila ta zo sallama, sai ta ga ya riƙo igiyar wata jar karsana mai farin goshi. Ya miƙa mata. Ta ce Kawu gidan haya suke, a cikin gari, ita ba ta iya kiwo ba.

Ya ce, "Ki koya. Ke lamba kika sani. Ki riƙe ɗaya ki ji nauyinta."

Wannan ne kaɗai faɗan da ya yi mata.

Rahoton gyaran ba ta tura shi ba. Yana nan a kwamfutarta har yau.

Kwana goma sha tara bayan haka, da hantsi, mutane a kan babura suka shiga ƙauyen. Ba su tsaya tambayar hanya ba. Inna Asabe, wadda ta ɓuya a bayan rumbu, ta ce da suka leƙa garken sai babbansu ya juyo ya ce wa Kawu, "Ina sauran talatin da bakwai?" Kawu ya ce ciwo ya kashe wasu, ya sayar da wasu. Suka doke shi da gindin bindiga har suka karya masa hannu da haƙarƙari biyu, suka kora huɗun suka tafi. Ba su tafi da shi ba. Mutanen gari suna ganin da sun tarar da garken cike, da sun haɗa da maigidan, don mai shanu arba'in yana da masu fansarsa. Wannan hasashe ne. Lambar da aka furta kuwa ba hasashe ba ce.

A wannan bazarar an shiga wasu gidaje biyu da ke saman jadawalin. Babu wanda zai iya rantsewa cewa fayil ɗin ne sila, don ana shiga gidajen da ba su taɓa miƙa ƙulli ba. Wasila ba ta neman wanda zai rantse. Ta rubuta takardar barin aiki, shugaban ƙungiya ya mayar mata, ya ce idan ta tafi wa zai gyara.

Ta gyara. Ta rushe hanyoyi huɗun ta mayar da su ɗaya: bayani ya bi ta matata tukuna, abin da ya tsira shi ake zubawa a shafi, ko PDF, ko Excel, ko saƙon waya. Babu kalar da ke da ƙofar baya, har wanda take gwaji da shi. Sannan ta yi abin da likita ya yi ta gardama a kai: ta raba suna da adadi kwata-kwata. Yanzu saba ba ta san shanun kowa ba. Tulu guda ake ajiyewa a bayan rumbun mai unguwa, kowa ya je shi kaɗai ya zuba tsakuwarsa, a ƙirga na gari gaba ɗaya. Abin da ba a ajiye ba, ba ya fita.

Gyaran ya yi kyau, amma ya makara. Da shekara ta zagayo, ƙauyuka tara ne kacal cikin ashirin da uku suka yarda a ajiye tulun. A biyu daga waɗanda suka ƙi, ciwon huhu ya shiga da sanyin bana, ya yi ɓarna. Lukuman ya ce ranar da labarin ya zo Wasila ta rufe kwamfuta ta fita, ba ta dawo ba sai bayan kwana uku. Har yanzu tana bin masu allura ƙauye-ƙauye da tulu a bayan babur. Wani wurin a saurare ta, wani wurin mai unguwa ya aiko a ce ba ya nan.

Kawu Jibo yana Bungudu, a ɗakin zaure na gidan ƙanwarsa. Hannun ya ɗoru a karkace, ba ya riƙe fartanya. Gonar Kucheri wani ke nomawa. Inna Asabe, wadda ta yi shekara talatin tana sayar da nono, yanzu saye take yi a ƙofar gida. Duk bayan mako biyu yakan hau mota ya je ganin shanunsa, yau Kwatarkwashi, wani makon Tsafe, ya tsaya a garken wani kamar baƙo, ya shafa wuya, ya dawo. Ba a taɓa tara su wuri ɗaya ba tun ranar, kuma ba ya maganar tarawa. Yana amsa gaisuwar Wasila, yana tambayar Bashar. Sai dai a da Injiniya yake ce mata idan yana raha. Yanzu Wasila ce kawai.

A watan jiya jar saniyar ta haihu a gindin dalbejiya, da rana tsaka, matan gidan haya suna leƙe ta taga. Wasila ce ta goge ɗan maraƙin da buhu, kamar yadda ta ga ana yi tana yarinya. Ranar Asabar ta hau mota zuwa Bungudu da gorar nono a jaka. Ta same shi a zaure, ta durƙusa, ta ajiye gorar a gabansa. Ya buɗe, ya shinshina, ya kurɓa.

"Mai farin goshi?"

"Ita ce, Kawu."

"Mace ko namiji?"

"Mace."

Ya sake kurɓa. Ƙanwarsa, mahaifiyar Wasila, ta leƙo daga tsakar gida tana murna, ta ce to alhamdu lillahi, yanzu ke nan a wurin Wasila sun zama nawa?

Wasila ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce, "Suna nan lafiya, Inna."

Kawu ya ɗago ya dube ta, ya daɗe, kamar ranar ƙofar mai unguwa. Sannan ya rufe gorar, ya jawo ta kusa da ƙafarsa, ya ce ta riƙa rage kanwa a dusar, mai shayarwa ba ta son ta da yawa.